Totur ɗaya ko huɗu? Amsa ga mai MX-5 da ke zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Jos yana da Mazda MX-5 ƙirar 1999 mai inji 1.8, ba a taɓa buɗe injin ba. Yakan sauka Abuja da ita, kuma yana jin ta fi kuzari a can fiye da gida. An ba shi shawara uku: ya sa gidan totur ɗaya, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, wanda ya fi na kamfani girma, ko ya samo totur huɗu na Toyota 4A-GE ko na babban babur a haɗa masa, ko ya yi odar sababbi daga Ingila. Yana son sanin wanne ya fi.

Amsa: Ɗan'uwa, muddin injin nan yana yadda kamfani ya haɗa shi, bar masa gidan totur ɗin da ya zo da shi. Totur huɗu akwai daɗin tuƙi, akwai daɗin ƙara, amma ba shi ne maganin nauyin da kake ji ba. Idan kuma aka ɗaura shi ba a canza kwamfutar injin ba, baya motar za ta ci.

Nauyin da take yi a Jos na iska ne. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga saman teku, Abuja kuwa tsakanin mita 400 da 500. Matsin iska, da ake aunawa da kPa, a bakin teku 101 ne, a Abuja wajen 96, a Jos 87 zuwa 88. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawa na mita 300. Kamfani ya rubuta wa motarka ƙarfin doki 140; a Jos abin da ke hannunka bai wuce 123 ba. Ko ƙofar gari ka ɗaura mata a matsayin totur, iskar da za ta shiga ita ce dai iskar Jos. Turbo ko sufacaja ne kaɗai ke dawo da wannan asara, domin su ne ke cusa iska da ƙarfi.

Kafin ka sayi komai, yi wannan gwaji. Ka jona sensar matsin iska, wato MAP, a jikin manifol, wato tulun da ke raba wa silinda iska, bayan totur. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba ka rubuta abin da ya nuna. Wannan shi ne matsin iskar garin a ranar. Sannan a kan titi mai tsawo da babu jama'a, a giya ta uku, taka totur har ƙasa daga juyi 3,000 zuwa 7,000 a minti, wani yana duba maka lamba. Idan bambancin bai wuce kPa 2 zuwa 3 ba, hanyar iska ba ta shaƙe injin ba. Mutane da yawa a Jos suna ganin 86 su ɗauka sun rasa 14, alhali da 88 ya kamata su gwada, ba 100 ba. Idan bambancin ya kai 5 ko fiye, cire filtar iska da bututunta ka sake gwadawa sau ɗaya a wuri marar ƙura. Galibi a can matsalar take.

Lissafi ma ya nuna haka. Inji 1.8 a juyi 7,000 yana zuƙar kimanin lita 107 na iska a daƙiƙa in ya cika taf. Totur ɗin kamfani faɗinsa wajen milimita 55 ne, iskar na ratsa shi da gudun mita 45 a daƙiƙa, abin da take rasawa a wajen bai fi kashi 1 cikin 100 ba. Honda S2000 da ta fito a 1999 tana ba da doki 240 daga lita 2, tana juyawa har 9,000, kuma gidan totur ɗaya tal gare ta. Saboda haka shawarar farko, ta sa babban totur ɗaya, ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin ukun. Abin da za ka ji shi ne motar tana zabura da ɗan taɓi, domin buɗi kaɗan yana shigar da iska mai yawa, sai ka zaci ƙarfi ya ƙaru. Ƙarshen totur kuwa yana inda yake. Ga shi idan bakin manifol ya fi sabon totur ƙanƙanta, iska za ta riƙa cin karo da gefe, sai an goge bakin ya daidaita.

Abin da totur huɗu ke yi, da abin da ba ya yi

A tsarin totur ɗaya, tsakanin faifan totur da bawul akwai tulun iska da bututu huɗu, sararin da ya kai lita biyu ko fiye. Idan ƙafarka ba ta kan totur, wannan sarari a tsotse yake. Kana takawa sai ya fara cika kafin silinda ta samu rabonta. A tsarin totur huɗu, wanda ake taƙaitawa ITB, kowace silinda da faifanta kusa da bawul, sararin da za a cika ɗan kaɗan ne. Shi ya sa injin ke amsawa nan take, ya kuma sauka nan take in ka ɗaga ƙafa. A mota mai kilo 1,000 da ɗoriya ana jin wannan sosai, fiye da yadda za a ji shi a babbar mota.

Amfani na biyu yana zuwa ne idan an sa kamshaf mai zafi, wanda ke barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare na tsawon lokaci. Da tulu ɗaya, tsotson tulun yana jawo hayaƙi baya, silinda ɗaya ta gurɓata wa 'yar'uwarta, silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya lalace. Totur huɗu yana raba su, sai injin da ba ya iya silo ƙasa da 1,500 ya zauna a 1,000 lafiya. Amfani na uku, kana da ikon zaɓar tsawon bututu yadda kake so. Duk waɗannan na injin da aka yi wa aiki ne: an goge hanyoyin kan inji, an canza kamshaf, an ƙara matsi, an gyara salansa. A injin da ba a taɓa ba, ƙarin da ake samu sau da yawa ba ya wuce doki 10 zuwa 15, kuma kaso mai tsoka na wannan daga sabuwar kwamfuta da gyaran wuta yake fitowa, ba daga ƙarfen ba.

Ta fuskar yadda ƙofar ke buɗewa, iri uku ne. Akwai mai faifai a kan sanda, irin na kowace mota. Aibinsa ɗaya: ko an buɗe shi duka, sandar da faifan suna tsakiyar hanya. Ana magance wannan da ƙara milimita ɗaya ko biyu a faɗi, kuma kamfanin AT Power na Ingila yana ƙera wanda ba shi da sanda a tsakiya. Akwai mai ganga, inda wani dunƙulen ƙarfe mai rami ke juyawa, in ya buɗe duka hanya ta zama fayau. Caterham ta sa irinsa a R500, motar da ba ta kai kilo 500 ba amma take ba da doki 230 daga inji 1.8. Sai mai zamiya, falle ɗaya mai ramuka huɗu da ke zamewa gefe. Biyun ƙarshe kayan filin tsere ne. Ba sa ba da sarrafawa mai laushi a ƙaramin buɗi, inda kashi mafi yawa na tuƙin cikin gari yake, kuma suna dogara da ɗan siririn tsakani da ƙura ke ci. Mai zamiya ya fi haɗari: tsotson inji yana manne fallen a jikin gidansa, ƙwayar yashi ta shiga, totur ya maƙale a buɗe. A ƙasar da hunturu ke kawo hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ni ban ga dalilin da zai sa mai tuƙi a titi ya kalli wani abu ban da mai faifai ba.

Sai batun waya ko lantarki. Motarka ta waya ce, wato wayar ƙarfe ke jan totur daga feda, kuma wannan sauƙi ne. Totur na lantarki yana da ɗan injin lantarki mai juya faifai, sensa biyu a feda, biyu a jikin totur, suna gadin juna. In suka saɓa, kwamfuta ta rage ƙarfi ta bar ka ka lallaɓa gida. Alherinsa shi ne shi ke riƙe silo da kansa, kuma ana iya tsara yadda faifai zai bi feda. BMW M3 E46 ta haɗa duka biyun, totur shida da lantarki ke juyawa. Amma mayar da motar waya zuwa lantarki na buƙatar feda, sabon wayarin, da kwamfutar da aka yi don haka. Aikin mai rewaya ne wanda ya san abin da yake yi, ba na gwaji ba.

Girma da tsawo

A nan ake yawan yin asarar kuɗi. Ana auna faɗin totur huɗu da dokin da kowace silinda za ta bayar, ba da girman injin ba. Ƙa'idar da ake bi: milimita 40 tana ɗaukar kusan doki 50 a silinda, 45 tana ɗaukar 65, 48 tana ɗaukar 75. Injinka yana ba da 35 a silinda a bakin teku. Ko ka yi masa aiki ya kai doki 180 gaba ɗaya, 45 ke nan a silinda, milimita 40 zuwa 42 ta ishe shi. Wanda ya sa 48 ko 50 a irin wannan inji zai ga a rubu'in feda ya riga ya sami duk iskar da injin ke iya sha, sauran fedar ado ce. Faɗin ramuka huɗu masu milimita 45 in an haɗa ya haura murabba'in milimita 6,300, na kamfani kuwa 2,400 bai cika ba. A mota marar nauyi mai tura ta baya, a kan kwaltar Jos da ruwan Agusta ya jiƙa, totur mai zabura haka yana iya juya maka gindin mota a kwana. Maganinsa ƙaramin faɗi, da kuma ƙafar da waya ke naɗuwa a kai a yi ta mai doro, yadda farkon feda zai buɗe faifai a hankali, ƙarshenta ya buɗe da sauri.

Tsawo ya fi faɗi muhimmanci, amma ba a cika kula da shi ba. Ana aunawa daga bakin kakaki, wato mazurarin da ake ɗaurawa a gaban kowane totur, har zuwa kan bawul. Duk lokacin da bawul ya rufe, iska na dukan sa ta koma baya ta sake dawowa. In dawowarta ta dace da buɗewar bawul, sai ta ƙara cusa iska. Bututu mai tsawo na ba da ƙarfi a ƙasa da tsakiya, gajere a sama. Milimita 350 ta dace da inji mai juyi 9,000, mai 7,000 kuwa yana son wajen 450. Da wuya a sami wannan fili ƙarƙashin bonet, saboda haka ka sa mafi tsawon da zai shiga, ko da lanƙwasasshen kakaki ne. Yawancin masu kukan cewa motarsu ta mutu a ƙasa bayan sun sa totur huɗu, gajeren kakaki suka sa don ya shiga cikin sauƙi. Ka yi sa'a a nan: a MX-5 manifol ɗin shiga yana gefen dama, motocinmu kuwa sitiyari da bustar birki suna hagu, don haka ba abin da zai tare ka sai jikin mota.

Daga ina za a samo su

Na Toyota 4A-GE mai bawul 20 iri biyu ne: mai farin murfi na 1991, faɗinsa milimita 43, da mai baƙin murfi na 1995, faɗinsa 45. Kayan mota ne na kamfani, da sensar totur da haɗin sanda mai ƙarfi, kuma an daɗe ana ɗaura su a MX-5 ta hanyar wani gajeren manifol na haɗi. Ga injinka mai farin murfin ya fi dacewa. In ka same su a Apo da ke Abuja ko Farin Gada da ke Jos, ko aka aiko maka daga kasuwar Ladipo ta Legas, riƙe sandar ka girgiza ta sama da ƙasa. In tana wasa, iska za ta riƙa satar hanya ta nan kuma ba za su taɓa daidaituwa ba. Haska tocila ta baya faifai yana rufe, hasken da ke fitowa ya zama siriri kuma iri ɗaya a duka huɗun.

Na babur sun fi araha. Suzuki GSX-R600 na 2001 zuwa 2003 faɗinsa 38 ne, GSX-R750 na wannan zamani 42, kuma ana son su ne don gidajen a rarrabe suke, ana iya buɗa tazararsu ta dace da ramukan kan injin mota. Amma aikin da ke bayansu da yawa. Suna da faifai na biyu da kwamfutar babur ke juyawa, dole a cire shi a toshe ramukan sandarsa. Dole a ƙera manifol: farantin da zai zauna a kan inji ya kai kaurin milimita 10 zuwa 12, bayan walda a kai shi a goge fuskarsa ta miƙe, domin zafi na lanƙwasa shi. Tiyon haɗi ya zama mai jure fetur, silikon na gama-gari yana narkewa ya yi laushi. A sa ƙarfen tallafi ya riƙe nauyinsu, in ba haka ba ranar da injin ya yi atishawa ta baya zai tofar da su. Idan manifol ɗin ya ba da dama, bar nozul ɗin mai a mazauninsu na asali kusa da bawul. In suka yi nisa, fetur na kwanciya a bangon bututu da sanyin safiya, injin ya riƙa tari.

Sababbi irin na kamfanin Jenvey na Ingila suna zuwa da manifol, kakaki, layin mai da haɗin waya da aka auna wa injin. Abin da kake saya a nan shi ne raguwar wahala, ba ƙarin doki ba. Totur mai milimita 42 na babur da aka haɗa da kyau zai ba da abin da sabo mai 42 zai bayar.

Inda hanyar Jos zuwa Abuja ke shigowa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi komai muhimmanci a gare ka. Kwamfutar motarka ta kamfani tana auna nauyin iskar da ke shiga ta sensar MAF da ke bayan filta, shi ya sa ko a Jos ko a Abuja tana ba da man da ya dace ba tare da ka taɓa komai ba. Da ka sa totur huɗu da kakaki, wannan sensa ta tashi aiki, sai ka koma kwamfuta mai karɓar saiti irin Megasquirt, Speeduino, Link, Haltech ko ECUMaster. Ita kuma dole ta san yawan iska ta wata hanya.

Hanyar MAP ba ta aiki sosai da totur huɗu. Tsotson yana bugawa sama da ƙasa, kuma faifai na buɗewa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 matsin ya riga ya kusa na waje, daga nan sensar ba ta ganin bambanci. Shi ya sa ake amfani da tsarin Alpha-N, inda kwamfuta ke duba buɗin totur da juyin inji kawai, ta ɗauko yawan mai daga tebur. Wannan tsari makaho ne game da tsayin ƙasa. A ce an saita motar a Jos, cikakken totur, iska 13 ga mai 1, wanda shi ne daidai. Ka gangara Hawan Kibo, ka wuce Akwanga da Keffi, ka shiga Abuja: iska ta ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, mai bai ƙaru ba, haɗin ya koma 14.2. A cikakken totur cikin zafin Maris, ga fetur da ba kullum ingancinsa ke zama ɗaya ba, wannan hanyar ƙona bawul da fistin ce. In kuma a Abuja aka saita, a Jos zai koma 11.9, fulogi su yi baƙi, mai ya tafi a banza, fetur ya riƙa wanke man inji daga bangon silinda.

Maganin shi ne gyaran matsin sararin sama a cikin kwamfutar. Amma lura: yawancinsu in ba a canza ba suna karanta matsin sau ɗaya ne, lokacin da ka murɗa makulli. Wanda ya tayar a Jos bai kashe ba har Abuja, da lissafin Jos ya iso. Kana buƙatar sensa ta biyu a buɗe ga iskar waje tana karantawa koyaushe. Sannan teburin gyaran ba a barin sa yadda ya zo. A saita motar a gari ɗaya, a je ɗayan da laftof a gyara teburin matsin kaɗai, kada a taɓa teburin mai. Megasquirt tana da tsari na musamman don totur huɗu, mai bin MAP a ƙaramin buɗi ya koma bin totur a babba, kuma ga mai hawa da sauka irinka shi ya fi. A kowane hali sa sensar salansa mai faɗin awo da agogonta a gabanka: iska 14.7 ga mai 1 a tafiyar yau da kullum, 12.8 zuwa 13.2 a cikakken totur. Sensar zafin iska kuma ta zauna cikin akwatin filta, nesa da ƙarfe mai zafi, don in ta ɗauki zafin ƙarfe bayan an tsaya a go-sulo za ta sa a rage mai ba dalili.

Tsotso yana da wasu masu buƙatarsa. Bustar birki da shi take aiki. A ɗauko mata daga duka bututu huɗu zuwa ƙaramin tulu, da tiyo mai faɗin milimita 8 zuwa 10 da bawul mai hanya ɗaya. Layin MAP ya zama daban, siraran tiyo huɗu masu tsawo ɗaya. In ka haɗa su da na birki, duk taka birki sai silo ya motsa. A Jos bustar tana da rauni tun asali saboda matsin waje kaɗan ne, shi ya sa a gangara ka bar mota cikin giya ƙafa a ɗage, a nan tsotso ya fi ƙarfi. Kada ka sake ta furi kana tattaka birki. Taka na uku ko na huɗu feda za ta yi tauri.

Haka silo. In ka jefar da bawul ɗin silo na kamfani, da safiyar Disamba a Jos sai ka riƙe totur da ƙafa har injin ya yi ɗumi, a Abuja kuma kana kunna AC zai mutu a danja. A jona bawul ɗin ga tulu mai raba iska daidai ga silinda huɗu, a kuma bar kwamfuta ta taimaka da matsar da wuta gaba ko baya.

Ƙura da zafi

Hotunan da kake gani na kakaki huɗu tsirara, ko an rufe su da raga ko safar soso, na ƙasashen da ba su san hazo ba ne. Raga tsakuwa kawai take tarewa, kuma tana rage iska fiye da filta mai kyau. Ƙurar hunturu laushi gare ta, tana wucewa ta cinye zoben fistin da mazaunin bawul cikin kaka ɗaya. A yi akwati mai rufe kakakin duka, a bar aƙalla milimita 30 tsakanin bakin kakaki da murfi, a jawo iska daga gaban mota ta bututu mai faɗin milimita 75 ko fiye, da babbar filtar takarda. Akwatin yana kuma hana injin shan iskar da ta ratso lagireto. Kowane ƙarin digiri 3 na zafi yana rage nauyin iska da kusan kashi 1 cikin 100, kuma ƙarƙashin bonet yakan fi waje zafi da digiri 20 zuwa 30. Ɗan abin da totur huɗu ya ƙara maka, iskar zafi kaɗai ta isa ta kwashe shi.

Daidaita su

Totur huɗu da ba a daidaita ba ya fi totur ɗaya muni ta kowace fuska: silo na rawa, salansa na harbi, fulogi ɗaya fari ɗaya baƙi. Bari injin ya yi zafi sosai. Sassauta wayar totur ta yi sako-sako. Fesa ɗan man wanke kafireta a gindin manifol da bakin tiyo. In juyi ya canza akwai yoyon iska, a gyara shi tukuna, domin ba a daidaita totur a kan yoyo. Rufe ƙananan sukurorin satar iska duka. Auna kowane baki da na'urar auna zuƙa, wadda a silo kan nuna kilo 3 zuwa 5 a awa. In babu, farin tiyo mai tsawo da aka lanƙwasa aka zuba masa man giya yana nuna bambancin tsotso tsakanin silinda biyu. Fara da sukurorin sanda da ke tsakanin gidaje, har faifan su zo daidai. Ɗan bambancin da ya rage, buɗe sukurun satar iska na wanda ya fi ƙasa kaɗai. Sannan saita silo a 950 zuwa 1,050, ja wayar da hannu zuwa 2,500 ka sake aunawa, domin wasu suna daidaita a rufe su rabu da zarar waya ta ja. Duk lokacin da ka taɓa sukurun silo sai ka sake koya wa kwamfuta inda totur ke rufe da inda yake buɗe, inda sensar totur ke nuna wajen volt 0.5 da 4.5. A Alpha-N kuskuren kashi 1 cikin 100 a nan ya isa ya birkita silo.

Sifirin mai mayar da totur ya zama biyu, kowanne zai iya rufe shi shi kaɗai. A sa wa feda matsaya a ƙasa, yadda ƙafarka za ta tsaya a kan ƙarfen mota ba a kan sandar totur ba, in ba haka ba sandar za ta murɗe daidaiton ya tafi. Ƙananan sukurorin da ke riƙe faifai a jikin sanda an daddake bakinsu daga kamfani don kada su kwance. In dole ta sa aka cire su, a mayar da gam ɗin noti a sake daddake su, don wanda ya faɗi cikin silinda zai tafi. Wajen wanki kuma kada a kankare baƙin shafen da ke zagaye da gefen faifai a wasu gidajen, shi ke toshe tsakanin.

In kuɗin na hannunka yanzu, ga yadda zan jera maka aikin. Wanke totur ɗin da kake da shi da bawul ɗin silo, canza filta da fulogi, auna matsin silinda huɗun. Daga nan sa kwamfuta mai karɓar saiti da sensar salansa a kan totur ɗaya na kamfani, a tsarin MAP, wanda ke bin tsayin ƙasa da kansa kusan gaba ɗaya; a nan za ka koyi saiti a kan injin da ke yafe kuskure. Sai salansa, sai kamshaf da aikin kan inji. In ka kai nan gwajin kPa ya nuna tulun kamfani ya fara shaƙe shi, sa totur huɗu masu faifai, milimita 42 ko 43, cikin akwati. In kuwa zuciyarka ta fi karkata ga turbo don cike giɓin Jos, totur ɗin kamfani zai ɗauke shi yadda yake, kuɗin ka kai su ga intakula mai sanyaya iskar turbo, nozul masu girma da lagireto.